Ludayin Gafiya

A gidanmu da ke bayan Madakiya, lokacin tatsuniya shi ne lokacin citta. Idan aka haƙo ta daga gona, sai a zube ta tsibi a tsakar gida, kowa ya ɗauki wuƙa bayan an ci tuwon acca. Aikin tsaga citta yana da gundura, yana kuma sa yatsu zafi. Kaka, mahaifiyar babanmu, ta san ba za mu zauna don Allah ba, don haka takan binne gwaza a toka, ta jawo kujerarta kusa da wuta. Duk wanda ya ajiye wuƙa, labari ya tsaya.

Da yarenmu take ba da tatsuniya, amma idan dabba za ta yi ƙarya sai ta sa mata Hausa a baki. Hausar Kaka kuwa ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "ya" ne.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Gafiya. Wai mutanen Dutse sun kori Gafiya daga ƙarƙashin rumbunansu saboda sata. Ta gangaro wurin mutanen Kwari a rame, ta faɗi gaban sarki ta ce ta ga kibiyoyi a cikin rumbunan Dutse. Al'adar Kwari ita ce, wanda ya kawo labari a zuba masa ludayin pate. Aka zuba mata. Washegari ta maimaita labarin jiya, ba wanda ya motsa. Sai ta ce ta tuna, ashe kibiyoyin an shafa musu dafi.

A nan Kaka takan tono gwaza guda, ta ɗaga ta a hasken wuta.

"To, mutanen Kwari, a ƙara masa?"

"A ƙara masa!" mu amsa baki ɗaya, don mun san gwazar tamu ce.

"Maigidana, kai muryarka ya fi na kowa," takan ce da ni, ta miƙo mini mafi girma.

Haka labarin Gafiya ya yi ta ƙiba tare da ita. Zomo ya ce a aika mutum guda ya leƙa rumbunan, aka ce da shi ɗan Dutse ne a ɓoye. Sarki kuwa dama ya daɗe yana kallon rafin da ke gangarowa daga can. Mutanen Kwari suka hau Dutse da wuta, suka ƙone rumbu bayan rumbu. Da suka fasa na ƙarshe, irin acca suka tarar, wanda su kansu suke karɓowa kowace damina.

Ƙanwata Laraba ba ta taɓa fasa tambaya ba: "Kaka, me aka yi wa Gafiya?"

"Me za a yi masa? Shi yunwa yake ji. Ku tambayi wanda ya riƙe ludayi."

Mu dai bakinmu cike yake da gwaza.

Na girma na sami aiki a wani gidan rediyo a Kaduna, ina fassara labaran duniya ina karantawa. Akwai shekarar da manyan ƙasashe suka yi shirin auka wa wata ƙasa mai nisa. Hujjarsu ita ce tana ɓoye makamai masu guba, kuma wani da ya gudo daga can ya shaida wa jami'an leƙen asiri cewa ya gani da idonsa. Na karanta wannan mako bayan mako. Na bi ƙa'idar aiki: "a cewar mutumin", "in ji jami'an". Ban taɓa barin jimla ba tare da mai ita ba, kuma da haka nake kwantar da hankalina.

Da Ista na je gida. Idon Kaka ya riga ya tafi, rediyo ce abokiyar zamanta. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Maigidana, na ji ka. Na gaya wa mata a zumuntar coci, mun yi addu'a Allah ya ba sojojin nan nasara, su kwashe guban kafin ya kashe yara."

"Kaka, ai cewa aka yi. Ba a gani ba tukuna."

"Kai ka faɗa. Kai ba ka ƙarya."

Na so in ambaci Gafiya. Na dubi yadda take murmushi, tana shafa bayan hannuna, sai na tambaye ta ciwon gwiwarta.

Ta rasu kafin a haƙo cittar wannan shekarar. Ba a sami makaman ba. Daga baya mutumin ya amsa da bakinsa cewa ƙirƙira ya yi, kuma a ƙasar da ya sami mafaka an ba shi wurin zama ana kula da shi muddin yana magana. Wannan ma ni na karanta, can wajen ƙarshen labarai, kafin wasanni.

Na daɗe ina tunanin yadda matar da ta koya mana Gafiya ta durƙusa ta roƙa wa masu wuta nasara. Ba ta manta tatsuniyarta ba. Da baƙo ne ya kawo mata labarin, da ta tambayi wa ke ciyar da shi. Amma ba muryar baƙo ta ji ba. "A cewar" ɗin da nake taƙama da ita ba ta kai kunnenta ba. Abin da ya kai shi ne jikanta.

Yanzu a Kafanchan nake zaune. Idan ƙananan jikokin Laraba suka zo hutu, nakan gasa musu gwaza a kan gawayi in ba su tatsuniyar. Suna ihun "a ƙara masa" kamar yadda muka yi. Ranar nan ƙaramar cikinsu ta tambaye ni wa ya riƙe ludayin. Na ce mata wani mai murya ne, wanda kakarsa ta yarda da shi.