Ba a Tashi Sai An Yi Dariya

Haulatu ba ta taɓa faɗin kalma ɗaya a fim ba, amma akwai lokacin da ko hotonta aka gani a bangon kaset sai an dara. I'ina gare ta tun tana ƙarama, mai tsanani, wadda kafin ta gama sallama an amsa an wuce. Mahaifinta, Malam Haladu, shi ke kunna majigi a wata sinima a Jos, kuma yana da tsofaffin faifai na zamanin da fim bai iya magana ba. A nan ta ga wata Baturiya tana faɗuwa da farantai, ta ce a ranta wannan sana'a ba ta buƙatar baki.

Ta iya faɗuwa kuwa. Da tulu a ka za ta zame, ƙafa sama, tulun ya dira a cikinta ko ɗigo bai zuba ba. Doka ɗaya uban ya kafa mata: in kin faɗi, kada ki tashi sai kin ji dariya. Shekara tara tana ci da wannan a Kano, har kaset ya mutu, aka koma barkwancin surutu a waya, aka daina kiranta.

A 2019 ta zo Doha, tana da shekara arba'in da ɗaya, aikin goge-goge a filin jirgin Hamad. Da korona ta shigo aka ɗaura mata takunkumi, fuskar da ita ce jarinta ta koma ido biyu kawai. Abin ya ci mata rai ƙwarai. A masauki, su takwas a ɗaki, da gira take ba su dariya, ta faɗo daga gadon sama don kada wata 'yar Nepal da ke cikinsu ta ci gaba da kuka.

Da gasar kofin duniya ta matso aka mayar da ita filin wasa na Al Thumama, aka kuma shaida wa masu goge-goge ana gama ƙwallo za a sallami rabinsu. Ita ta san tana ciki. Gida kuma ba abin da ke jiranta sai tsakar gidan yayarta.

Sunusi, wani mai gadi ɗan Gusau, shi ya gane ta.

"Anti, ba ke ce mai tulu ba? Wallahi kin sa na sha duka a gidan kallo." Ya rage murya. "Akwai matar da ke ɗaukar masu ba 'yan kallo dariya, an ce har bayan gasa za ta riƙe wasu. Talata da safe ta ƙofata take shiga. Ki nuna mata kawai."

Kwana huɗu tana gwaji a banɗaki, gwiwa na ƙara. Ranar Talata ta cika bokiti, ta ɗora a ka, ta jira matar ta zo daf. Sannan ta zame.

A rayuwarta ba ta taɓa yin mai kyan wannan ba. Bokitin ya dira a cikinta, ta kwanta, ido a rufe, tana jira.

Shiru. Kowa a wurin an koya masa in ma'aikaci ya faɗi a kira agaji, ba wanda ya san wasa ne sai Sunusi, shi kuma ogansa na tsaye, dariyar ta maƙale. Haulatu ta ji takun gudu, ta ji ana kiran a yi sauri da Larabci, "yalla, yalla", amma ba ta ji abin da take jira ba, don haka ba ta tashi ba. Minti guda cur. Da aka ɗaga ta ta so ta ce wasa ne, harshen ya ƙi, sai "wa-wa-wa". Aka ce kai ya bugu.

Likitan kamfani ya rubuta tana suma a bakin aiki. Kafil, ubangidan da ya ɗauko ta aiki, ya ce khalas, an gama. Ko wasan farko ba a buga ba aka yanka mata tikiti.

Sunusi ya rako ta filin jirgi, yana ta ba ta haƙuri, ya kasa haɗa ido da ita.

"Matar ta tambaye ki, Anti. Ta ce ba ta taɓa ganin mummunar faɗuwa irin wannan ba, har ta kasa cin abinci."

Haulatu ta daɗe tana kokawa da bakinta.

"Ka-kai fa? Da ka yi dariya, da na tashi."

Ta ja akwatinta. A gabanta wata na goge daɓen da ita ta shekara uku tana gogewa, Haulatu ta kewaye wurin da ke jiƙe a hankali, tana kallon ƙafafunta.