Ƙafar Auta

Shekarun baya, lokacin ina ganiyar samartaka kaina na hayaƙi, mahaifiyata tana da bijimai biyu na huɗa, ni nake aiki da su. Ɗaya ja ne, a kasuwar Ɗanbatta aka sayo shi, ba shi da wani labari. Ɗayan fari, shi ne mai labarin. Tun yana ɗan maraƙi uwarsa ta mutu, Inna ta raine shi da hannunta, da ruwan dusa da kanwa, har da ragowar kunun safe. Ta sa masa suna Auta. Ni ne fa autanta na gaskiya, amma tun da ya shigo gidan aka tuɓe ni ba ko sallama. In na dawo daga gona a galabaice, sai ta tambaya ko Auta ya sha ruwa kafin ta tambaya ko na ci abinci.

Bijiman nan su ne ƙarfin gidanmu tun bayan rasuwar mahaifina. Da damina mu yi huɗarmu, mu yi wa mutane. Da rani in ɗaura musu amalanke in yi dakon taki da ƙasa da kara. Wanda ya san shanun huɗa kuwa ya san ɗaya ba ya aiki shi kaɗai, karkiya wuya biyu take so. In ɗaya ya faɗi, aikin gaba ɗaya ya faɗi.

A ƙauyenmu, in bazara ta kama, mai hali yakan kira gayyar kai taki gona. Duk mai amalanke ya fito tun da sassafe, a yi ta lodi ana kaiwa, makaɗi na kiɗa, ana shan fura. In aka juye lodin ƙarshe, amalanke ta zama fanko, sai samari su yi tsere daga gonar zuwa gindin tsamiyar bakin gari. Wanda ya riga, mai gayya ya ba shi zakara, makaɗi ya yi masa kirari. Zakara fa na ce. Duk abin da zan ba ku labari, a kan zakara ɗaya aka yi shi.

Tseren yana da doka, kuma kowa ya san ta. Ƙasarmu ba ta da fili na banza, gona na manne da gona, hanyar da ake bi burtali ne mai shinge dama da hagu. Akwai wata kwana da burtalin yake tsukewa, amalanke biyu ba sa wucewa tare. Wanda kan shanunsa ya riga shiga wurin, hanya tasa ce, na baya ya ja igiya ya lafa. Wanda tayarsa ta bar burtali ta shiga gonar mutane, shi ne mai ganganci. Wanda kuma gangancinsa ya nakasa san wani, to ya kwance nasa ya bayar a madadi. Sarkin noma ne ke yanke hukunci, kuma da sawun taya yake yankewa, don ya ce baki na ƙarya, sawu ba ya yi.

Ranar da abin ya faru, ni da abokina ne a gaba, mun ba sauran rata mai yawa. Wannan abokin nawa ba abokin hanya ba ne. Tare aka yi mana kaciya, kwano ɗaya muke ci a tsakar gidanmu, Inna yake kiran mahaifiyata kamar yadda nake kiranta. Aibinsa ɗaya, son a gan shi. Kowa a zaune yake tuƙi, shi sai a tsaye, igiya a hannu ɗaya, tsumagiya a ɗaya, don 'yammatan da ke gindin tsamiya su hango shi tun daga nesa.

Ni na riga shiga kwanar. Wallahi ni na riga, ba kan shanuna kaɗai ba, har rabin amalankena ya shige. Na saki jiki ke nan ina jiran ya lafa, sai na ji ihunsa ta hagu, yana tsula wa shanunsa tsumagiya, yana cusa su tsakanina da shinge. Na daka masa tsawa: “Kai, ja baya! Ba wuri!” Ko a jikinsa. Ya kutsa da ƙarfin tsiya har ya ɗan gota ni, tayarsa ta hau saiwar shinge, amalanken ta yi tsalle. Mutumin da ke tsaye, me kuke tsammani? Ya sulluɓo ta ɓangarena, hannunsa ɗaya riƙe da katakon gefe, ƙafafunsa na jan ƙasa, daidai gaban kofaton Auta da tayata.

Ban yi wani tunani ba. Na fizgi igiya dama da iya ƙarfina, shanun suka keta shinge muka afka gonar rogon wani dattijo. Ƙafar Auta ta gaba ta zurma cikin ramin da aka tone rogo, nauyin amalanke ya taho masa ta baya. Ji kake ƙas! Har yau in aka karya busasshen icce kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Da na miƙe daga inda aka watsar da ni, na waiwaya burtali. Abokina ya riga ya haye amalankensa. Ya waiwayo, muka haɗa ido, ya ga Auta a kwance yana fafutukar tashi. Sai ya ɗaga tsumagiya ya ƙara wa shanunsa wuta. Ina durƙushe ina kwance karkiya daga wuyan Auta, ina jiyo ganga daga bakin gari ana yi masa kirari.

Bayan azahar sarkin noma ya zo wurin da dattawa, da mai gonar, da jama'a. Aka duba burtali. Amalanken da suka biyo bayanmu duk sun bi ta kai, sun tattake komai, ba ka bambance sawun kowa. Sawu ɗaya ne ya rage a fili ƙarara: nawa, ya keta shinge ya yi kwance-kwance cikin rogon mutane. Babu kuma wanda ya ga abin da ya faru, don kwana ta kare mu daga na baya.

Na faɗi yadda aka yi tun daga farko. Sarkin noma ya juya wajen abokina ya ce, “Kai kuma me ka gani?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ni dai gabana nake kallo. Ban san abin da ya faru a bayana ba.”

“A bayanka?” na ce. “A bayanka, ko a ƙarƙashinka? Ranka ya daɗe, a sa shi ya ɗage wandonsa a ga ƙaurinsa!”

Aka sa shi ya ɗage. Ga ƙujewa nan ɗanya shar, tun daga gwiwa har idon sawu. Sai ya ce ƙayar shinge ce ta karce shi tun da safe wajen lodi. Ya faɗe ta sumul, ko inda-inda bai yi ba. Nan fa idona ya rufe. Na ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Liman ya ce ba a ɗauko Littafin Allah a kan wasan samari. Na ce wasa ne ya karya ƙafar sa? Na faɗi maganganu a gaban manya waɗanda ba a faɗa, har kawuna ya daka mini tsawa ya ce in rufe masa baki. Ni da kaina na taya su tabbatar da cewa ni ne mai zafin kan.

Sarkin noma ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Na ga yadda ya daɗe yana kallon ƙaurin nan. Amma ya ce, “Yaro, na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Ga sawunka a gonar mutane, ga nasa babu. In na bar abin da ido ya gani na bi abin da baki ya faɗa, gobe kowa ya zo mini da nasa labarin.” Ya yanke cewa ni ne mai ganganci. In gyara shinge, in sake dasa rogon da na ɓata, kuma kada a ƙara ganina a tseren gayya. Maganar madadin sa kuwa ba ta ma taso ba. Abokina ya koma gida da bijimansa biyu cif, da zakara a hammata.

Mai ɗori ya zo ya taɓa ƙafar ya girgiza kai. Ya ce sa mai wannan nauyi, ƙafar gaba, ba ta ɗoruwa, gara a yanka tun bai rame ba. Ni aka bar wa kai wa Inna labari. Na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Shi yaron bai ji ciwo ba?”

Na ce, “Inna, Auta fa za a yanka!”

Ta ce, “Na ji. Tambayarka na yi, yaron ya tsira?”

Na ce ya tsira, ƙujewa ce kawai. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tankaɗenta. Na fita ina huci, ina cewa a raina wannan haƙuri na Inna ya wuce misali, har da ita za a taru a cuce ni. Ban lura ba sai daga baya cewa rariyar da take kaɗawa babu gari a cikinta.

A gonar aka yanka shi bayan la'asar, tunda ba ya iya takawa. Aka ɗoro naman a amalanken wani maƙwabcinmu zuwa ƙofar gidanmu. Al'adarmu ce in tsautsayi ya faɗa wa dabbar mutum, a yi watanda: mahauci ya kasa naman kashi-kashi, kowane magidanci ya ɗauki ɗaya ya biya, don a rage wa mai ita asara. Mutane suka taru, kowa na cewa Allah ya mayar da alheri. Ina tsaye ina kallon mahauci na kasa Auta a kan buhu, sai na hango abokina cikin jama'a. Wai shi ma ya zo ɗaukar kashinsa, ya taimaka mana.

Na yunƙura zan yi kansa, kawuna ya riƙe mini hannu. Sai muka ji muryar Inna daga cikin zaure. Inna da ba ta leƙo zaure in da maza a waje.

“Sarkin fawa.”

“Na'am, Inna.”

“Ƙafar nan ta gaba, wadda ta karye, kada ka sa ta a kashi. Ka ba yaron can.”

Abokina ya ce, “A'a Inna, ni kashi na zo ɗauka, zan biya.”

Ta ce, “Ba na sayar maka da naman Auta. Wannan kuwa ba saye ba ne, taka ce. Ba sai sarkin noma ya faɗa mini ba, na san wanda ya yi mini wannan aiki. Karɓi abinka, ɗan nan, ka gaida mutan gidan.”

Mahauci ya ɗago ƙafar, ƙashin ya huda fata ya leƙo, kofaton na reto, ya miƙa masa. Na zuba masa ido ina jira ya ce bai san zancen ba, kamar yadda ya faɗa a gaban sarkin noma. Bai ce ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ratsa ta tsakiyar mutane da ita, kowa na matsa masa. Sarkin noma na cikin waɗanda suka matsa.

Kada ku ɗauka wani abu ya sauya. Hukunci ya riga ya fita, ba a tashe shi ba. Na gyara shinge, na dasa rogo, mai gonar na tsaye a kaina yana nuna mini inda ban yi daidai ba. Jan san ya zauna a turke ba abokin karkiya, yana cin harawa a banza, har muka gaji muka mayar da shi kasuwar da aka sayo shi. Daminar nan da fartanya muka yi ta, ni da Inna da tsufanta. Daga ita ban sake riƙe igiyar shanu ba, na bi wani ɗan'uwanmu kasuwar Dawanau na koyi harkar hatsi. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake kiwon sa ba, kuma ba ta sake ambatar sunan Auta ba.

Mutane kan ce mini abu ya wuce, ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara. Ramin rogo ƙaddara ne. Amma “gabana nake kallo” ba rami ba ne, mutum ne ya buɗe baki ya faɗa, mutumin da ƙafafunsa ke jikinsa yau saboda na ba da ta Auta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane cewa a irin wannan shari'a, wanda ya kauce shi ke barin sawu. Wanda ya tafi sak a kan son ransa, hanyarsa fes take. Kuma duk da na san haka, in aka mayar da ni kwanar nan yau, igiyar dama zan sake ja. Wannan ma haushi yake ba ni.

Ban taɓa neman ya biya mu sa ba. Kalma ɗaya nake jira, ya ce “ni ne,” ko da daga ni sai shi. Har yau bai faɗa ba. Muna gaisawa a wajen jana'iza da ɗaurin aure, furfura ta fito mana duka. Burtalin yana nan, kwanar tana nan yadda take. In na je gida muka yi kiciɓis a wurin, ni a kan babur shi a kan nasa, tun daga nesa yake sauka daga hanya, ya cusa kansa cikin ƙayar shinge, ya tsaya har in wuce.

Ni kuwa ban taɓa ce masa na gode ba.