Rariyar Iskar Kawu

Jiya na wuce inda ake ɗura gas, warin ya tuna mini da Kawu. Da ya bar aikin matatar mai, ya dawo Birnin Gwari da wata 'yar farar leda. Wata rana ya ɗaga ta ya ce, "Taɓa, 'yar nan. Rariyar iska ce: wani gas ya wuce, wani ya tsaya. In ta wadata, gas zai yi araha, mata su daina shiga daji neman itace."

Na taɓa, santsi kamar ɓawon albasa.

Kawu ya rasu, gas ya fi ƙarfinmu. Bara Inna, ƙanwarsa, ta shiga daji neman itace, har yau shiru.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya ɓoye maka halin da muke ciki.