Allunan Daglas na Illiyasu Kafinta

Ƙanena Illiyasu kafinta ne, amma in ka tsaya a kafinta kawai sai ya ɓata rai. A unguwar Kilomita Biyar aka haife mu, ni da shi, bayan Masallacin Koudoukou, kuma zuriyarmu kaf 'yan kasuwa ne tun kakanmu da ya taso daga Damagaram. Shi kaɗai ya bauɗe. Tun yana saurayi ya liƙe wa wani tsoho mutumin Zongo, tsallaken kogi, mai haɗa wa makaɗan rumba jita, har ya iya aikin. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji. Kanta da ƙofofin shaguna su ke ciyar da gidan Illiyasu, amma zuciyarsa tana wajen jita.

Ni 'Yargoggo ban san komai a kiɗa ba, sai dai ya cika mini kunne har na haddace. Wai bayan jita da gefenta, katako mai nauyi na dajinmu ya isa, amma fuskarta, inda sauti ke fita, sai mara nauyi mai tauri. Yakan riƙe allo da yatsu biyu, ya kai shi kunne, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. Ko ƙofar gidan mutane ya zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa ya saurara.

Nakan ce, "Illiya, wata rana ɗaure ka za a yi, a ce ka taɓu."

Ya ce, "Yaya, ke dai ba kya jin abin da nake ji."

A shekarar 2007 aka kawo wa maƙwabcinmu Badaru wani ƙaton injin niƙa daga Duwala ta Kamaru, cikin akwatin katako. Ana shirin farfasa akwatin a yi wuta, Illiyasu ya zo wucewa ya ƙwanƙwasa, sai ya tsaya cak. Katako ne mai ja-ja, layukansa a miƙe sambal kamar an ja su da mataji, ga ƙamshin ƙaro. Tsohon Zongo ya duba ya ce wannan shi ake kira daglas, itacen ƙasashen sanyi, shi kansa sau ɗaya ya taɓa riƙe shi. Allo takwas masu kauri Illiyasu ya fitar.

Zumuɗi ya sa ya tsaga ɗaya nan take ya yi jita. Kai, ranar har ni na tsaya da tankaɗe ina saurare! Amma rani na shigowa fuskarta ta dare gida biyu. Tsohon ya ce masa garaje ne ya jawo, baƙon itace sai ya shekara bakwai yana shan iskar gari kafin a sa masa zarto. Illiyasu ya jera sauran bakwai ɗin a kan azarar ɗakinsa, ya rubuta shekarar da alli a bango.

Matarsa Hureira mace ce mai fara'a, ba ta daka sai da waƙa, rabi Hausa rabi Sango, yaren garin. Ita ta sa wa allunan suna manyan baƙi, tunda suna sama, ba a taɓa su, ba sa gaida kowa. Ya ce mata jitar farko da zai yi da su ba ta sayarwa ba ce, a tsakar gida zai kaɗa, ita ta yi waƙa. Ta ce, "Ni da furfurata? Malam, ka ji tsoron Allah." Amma ita ke hawa turmi duk Juma'a ta kaɗe musu yana.

Sai Disambar 2013 ta zo, fitina ta ɓarke a garin. Ba zan tsaya ba da labarin wanda ya fara da wanda ya rama ba, kowa ya binne nasa. Abin da na sani, an wayi gari unguwarmu ta zama kurkuku, in ka tsallaka gada ba lalle ka dawo ba. A watan Janairu manyan motoci suka fara kwasar mutane zuwa Kamaru. 'Ya'yansu mata biyu suka bi mazajensu, kuma an samar wa Illiyasu da Hureira wuri. Direba ya ce kowa ƙunshi ɗaya, mutane ma a tsaye za su tafi. Ƙanena ya zo da allo bakwai a ka. Direba ya ce ya zaɓa, ko allunan ko tafiyar.

Ya juyo gida da kayansa. Hureira da har ta hau, ta sauko ta bi shi.

Ni ciwon gwiwa ya zaunar da ni, amma shi fa? Na zage shi tas a gaban mutane. Na ce, "Kan katako za ka kashe 'yar mutane?" Ya sunkuyar da kai ya ce wata uku kawai ya rage, kuma fitinar ba za ta daɗe ba. Wallahi har yau in na tuna maganar da na yi sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Gawayi ya yanke. Muka ƙona bencina, muka ƙona kantocin da masu su suka gudu suka bari, muka ƙona ƙofar shagonsa, har gadonsu. Wata rana na ga Hureira ta hau turmi ta sauko da allo ɗaya, tukunya na jira. Illiyasu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hureira, saura kaɗan." Ta dube shi, ta dubi allon, ta mayar. Garin rogo muka jiƙa da ruwan sanyi muka sha.

Tana da hawan jini, maganinta ya ƙare, hanyar asibiti kuma ba ta biyuwa. Wata safiya a watan Afirilu ta sunkuya tana hura ƙiraruwa a murhu, ta kife a wurin. Kafin hantsi ta cika.

Maƙabartarmu tana can unguwar Boeing, inda Musulmi ba ya iya zuwa a lokacin, don haka a tsakar gida aka haƙa, gindin mangwaro. Shi ya sa ni mace na ga abin da mata ba sa gani. Ashe a cikin babban ramin ana yin wani ƙarami daidai mutum, a kwantar da shi, sannan a jera itace a kai don kada ƙasa ta taɓa shi. Aka kwantar da Hureira, aka dubi juna. Babu itace a layinmu gaba ɗaya, duk mun dafa abinci da shi.

Illiyasu ya shiga ɗaki, ya fito rungume da allunan. Badaru ya tare shi ya ce, "Malam Illiya, shida za su kusan isa. Ka bar ɗaya ko don wahalar da aka sha, mu cike da guntun kwano."

Ya ce, "Da kwano zan rufe wa Hureira fuska?"

Da kansa ya sauka ramin. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙafa zuwa kai, suka zauna daram kamar an auna. Da ya ɗauki na bakwai, hannunsa ya yi abin da ya saba yi ba tare da ya sani ba. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya kai kunne, ya ƙwanƙwasa. Gidan ya yi tsit, har ni daga bakin ɗaki na ji. Sautin ya fita garau, ya daɗe bai mutu ba.

Ya ɗago ya neme ni da ido, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Yaya, ya kai."

Sannan ya ɗora shi daidai kanta, aka fara turo ƙasa.

Illiyasu yana nan da ransa, yana haɗa kantoci da ƙofofi. Shekarar da ya rubuta da alli tana bangon, bai goge ba. In ya zo gidana yanzu, sallama yake yi daga waje ya jira, hannunsa ba ya taɓa ƙofar.