Neman Sajan Dauda a Madina

Kano, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gida, ni da Baba. Jirginmu sai tara, amma wa zai gaya wa tsohon soja ya jira? Kowa Hajji ya sa a gaba. Baba kuwa har da wani buri: ya ga Sajan Dauda, wanda rabonsa da shi shekara talatin da biyar.

Dauda sojan Ostiraliya ne, Musulmi, jikan wani mai raƙuma da ya je can daga Afganistan. A yaƙin Hitila aikinsa ɗauko waɗanda suka ji rauni. Ran da motar Baba ta taka nakiya a hamadar Masar, shi ya jawo shi daga wuta, yatsun Dauda biyu suka tafi a nan. Bayan yaƙi ya koma aikin jirgin ƙasa, suna ta wasiƙa. Bana ya rubuto cewa zai zo Hajji, zai sauka a unguwar Bani Harisa a Madina, gidan wani Malam Haruna, Baba ya same shi can.

Jidda zuwa Madina, Alhamis

Kwana biyu muka yi a Jidda ana juya fasfo, Baba yana ta tsaki. Shida na safe bas ta tashi, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. A Badar aka tsaya cin shinkafa da kifi, Baba ko loma bai kai ba.

A shingen shiga gari, inda ake juya wanda ba Musulmi ba, ya riƙe hannuna.

"Binta, kar fa su ga farar fata su mayar da Dauda."

"Baba, ai yana da takarda."

"Ke dai ba ki san Dauda ba. Gardama gare shi."

Bani Harisa

Bayan la'asar muka isa. Malam Haruna haifaffen Madina ne, kakanninsa daga Katsina. Ya shimfiɗa mana darduma, ya kawo gahawa da dabino, ya yi ta gaisuwa ba ƙarewa. Tun daga nan na san akwai magana.

"Ya ammi, sai haƙuri," in ji shi, yana haɗa Hausa da Larabci. "Abokinka ya zo da ciwon ƙirji. Mun kai shi mustashfa, asibiti ke nan, kwana uku, khalas, Allah ya yi masa rasuwa. Yau kwana tara. Kullum yana tambaya ko jirgin Kano ya sauka."

Baba ya ajiye finjalin a hankali. Ni na yi kukan.

Baƙi'a, Juma'a

Da hantsi muka je maƙabartar. Mata ba sa shiga, sai na tsaya bakin ƙofa. Baba ya taɓa ganin maƙabartar sojoji a Masar, layi-layi, kowa da sunansa a dutse, ya ɗauka nan ma haka ne.

"Haruna, tambayi mai gadi lambarsa."

"Ya ammi, nan ba lamba, ba suna. Dutse kawai."

"Sajan guda? Ba a rubuta komai ba?"

"Wallahi ko sahabbai ba a rubuta musu ba."

Ta ƙofar na hango shi yana bin tsibin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya. Da ya gaji sai ya tsaya tsakiya, ya haɗa ƙafa, ya miƙe ƙirji, ya sara wa maƙabartar gaba ɗaya. Ya daɗe hannunsa bai sauko ba. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Gida

Bayan Hajji muka sauka Kano ran Lahadi da azahar, mun gode wa Allah, mun gode wa Malam Haruna da iyalinsa. Zaure ya cika da 'yan barka da sauka. Wani maƙwabci ya ce, "Alhaji, ka kuwa samu abokin naka?"

"Na same shi," in ji Baba. "Ya samu wuri a Madina. Ni ne aka dawo da ni."