Ƙullin Ciyawar da Bulus Ya Soka Mini

Na daɗe ina wasi-wasi kafin na rubuto, amma yau an kore ni daga rumfar abinci kamar ɓarauniya!

Da safe ni da maigidana Bulus muka hau dutsen Kagoro shan iska. A bakin wata gonar acca ya zare ƙullin ciyawa daga kan sanda, ya soka mini a ɗankwali, wai ado.

Muka sauko Manchok cin tuwo. Mai abincin na ganina ta fizge kwanon!

"'Yata, ai maganin ɓarayin gona ne wannan! Fita, kada cikinki ya kumbura a rumfata!"

Bulus sai dariya: "Haba Saratu, kina zumuntar mata kina tsoron ciyawa?"

Har yanzu ban kula shi ba. Don Allah, wa ya san mai gonar? In mayar masa da abinsa kafin cikina ya fara tashi.