Sojojin da Na Horar a Ɗakinmu na Zongo

Karatuna na lakwal bai wuce aji uku ba, na ukun ma rabinsa a durƙushe na yi shi bakin ƙofa. Amma in ana maganar tsare yara cikin ɗaki lokacin ɗari ba tare da an kashe ko dala ba, to a ba ni kujerar gaba. Na taɓa ƙirƙiro wani wasa, ya yi kyau har ya fi ƙarfina.

Shekarar fari ce, babban farin nan na biyu, soji na mulki. Ina ɗinki a kasuwar Wadata cikin Yamai, muna haya a Zongo, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, ni da uwar yara da yaranmu huɗu. Ɗarin shekarar ya faɗo daidai hutun lakwal, ga ƙaramar tana tari mai tsanani. Uwar yara ta kafa doka: ba mai leƙa waje sai hantsi ya yi. Ita kuma tun asuba take tafiya layin jar dawar nan ta taimako. Ni aka bari gadi.

Na gwada gatana, babbar 'yata ta ce ba a yi da rana. Na haƙa ramukan dara a daɓen ɗaki da ƙwallon dabino, mai gidan haya ya gani ya kusa korata. Na yi musu mota da gwangwanin sardin, ɗaya ya yanke yatsa. 'Yar tsanar ƙyalle ta yi kwana biyu kafin a cire mata kai.

Lokacin rediyo ba shi da labari sai na 'yan kasuwar da ke ɓoye hatsi, soji na fasa musu sito. Sai na ɗinka ɗan buhu kamar tafin hannu, na cika shi da yashi. Su rufe ido, in ɓoye shi. Ni ne alhaji mai ɓoye hatsi, su ne soji. Babbar, mai shekara tara, ita ce kumandan, da kwano a ka. Za ta buga ƙafa ta ce, "Alhaji, ina hatsi?" In marairaice in ce babu. Su birkice ɗakin, in sun samo a kai ni kaso, wato bayan ƙyaure, in tsuguna ina kukan ƙarya. Har ƙaramar takan manta da tari ta riƙa dukana da maficin uwarta. Safiya guda takan tafi ba wanda ya tambayi waje. Na ji kaina kamar wanda ya kamata a ba lambar girma.

Wuri ɗaya na haramta musu, ƙarƙashin gado. Na ce kunama ce a ciki. Gaskiyar kuwa, buhun hatsi ne na gaske, gero mai kyau, wanda wani ma'aikacin gwamnati ya sallame ni da shi bayan na ɗinka wa iyalinsa kayan biki. Yana bayan kwanukan uwar yara, rufe da tsohon bargo.

Wata safiya muna tsakiyar wasa aka yi sallama. Wana ne, wanda ya rene ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ni wurin koyon ɗinki. Na san shanunsa sun ƙare a ƙauyenmu can wajen Tawa. Ban san ya kwaso iyali ya sauka unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi, gidan wani ɗan garinmu ba. Da ƙafa ya tsallako gada, riga ɗaya a jikinsa, haƙoransa na haɗuwa. Na matsa masa kaskon wuta.

Mun daɗe muna gaisuwa. Ya tambayi kowa, har mai gidan hayar da bai taɓa gani ba. Can ya yi ƙasa da murya.

"Yaran ne. Jiya ruwan dusa suka sha. In da ko tiya biyu."

Na yi ta ba kaina hujja shekaru da yawa: yara huɗu, ɗaya ba lafiya, damina da nisa. Hujjojin suna da kyau, ni na ɗinka su. Abin da na ce dai shi ne, "Yaya, ka ga yadda muke. Babu. Mu ma sai abin da ta samo a layi."

Ban rantse ba. Wannan kaɗai nake riƙe da shi, kuma ba shi da nauyi.

Ya ce, "Allah ya hore." Ya juya wajen yara don ya sauƙaƙa mini, ya ga kwano a kan babbar. "Ke kuma uwata, wane yaƙi za ki?"

Ta ƙame. "Mu soji ne, Baba. Wannan alhajin ya ɓoye hatsi."

"Ashe? To ni ne babban kumandanku daga yau. A bincika ko'ina, na ba da oda."

"Har ƙarƙashin gado?"

"Soja na tsoron gado?"

Na ce, "Kai, kunama!" Muryata ta fita siririya kamar ta akuya. Ina, oda ta fito daga sama. Namijin ya shige da rarrafe, kwanuka suka zube, ya jawo bargo. Su uku suka kama kunnen buhun suna ja, bakinsa ya kwance, gero ya zubo kan tabarma har gaban gwiwar wana.

Murna wurin yaran ba a magana. Ba su taɓa kama babba irin wannan ba. "Kaso! Kaso!" Ƙaramar ta ɗauko mafici.

Wana ya dubi geron. Bai dube ni ba. Ya sa hannu biyu ya tattara wanda ya zube, tsaba tsaba, har wadda ta shige saƙar tabarma, ya mai da cikin buhu, ya ɗaure bakin da kyau irin ɗaurin mutanen ƙauye. Sannan ya ce da yaran, "Sojoji, kun yi kuskure. Wannan ajiyar mutane ce aka ba babanku. Ba a taɓa ajiya. A saki alhaji."

Ƙaryar da ni ban yi dabarar yi ba, shi ya yi mini ita, gaban 'ya'yana, don kada su san wane ne ubansu. Ya miƙe ya ce zai koma kafin rana ta yi. Na raka shi bakin titi.

Da uwar yara ta dawo, kumandan ta ba ta rahoto cikakke. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauko wani buhu ta raba geron biyu, ta ajiye rabi bakin ƙofa, ta ce, "Keken maƙwabci na nan."

Na tsallaka gada da azahar. Na same shi zaune gindin katanga, yaransa kwance kusa da shi, ba mai wasa. Ya tashi ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini godiya doguwa, irin wadda ake yi wa baƙon da ya yi maka alheri a tasha. Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi? Ai ka kawo."

Damina ta sauka, ya koma gida, ya sake tara 'yan dabbobi. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk zuwansa Yamai sai ya biyo ta wurinmu, da kulikuli ko busasshiyar kuɓewa. Zai zauna a rumfa, yara su kewaye shi, ya ci abincinmu, ya yi dariya. In na ɗaga labule na ce, "Yaya, shigo daga ciki mana, akwai sanyi," sai ya gyara zama ya ce nan ma ya isa. Har ya rasu bai sake taka cikin ɗakina ba.